Rasit

Tun hantsi muke Illela.
Jaɓɓi ya kashe inji, ya tokare taya da dutse,
ya tafi neman mai shayi.
Gabanmu motar albasa, bayanmu ta raguna,
ni kuwa ina bisa katifa, can ƙololuwar kaya,
shekara talatin da ɗaya na zaman Tawa
ɗaure da igiya a ƙarƙashina.

Ɗazu 'yan duwan na Ƙonni
suka rubuta gidana da Faransanci, suka buga hatimi.
Yanzu za a sake rubuta shi da Ingilishi,
gidan da ko akuyarsa Hausa take ji.

Wani yaron kwastan ya kamo igiya ya hau,
gashin bakinsa bai gama tsirowa ba.
"Baba, mi ke ciki?"
Na ce ɗaga tamfol.
Gado ne, an kwance shi ƙafa-ƙafa.
Tukwane cikin tukwane.
Buta uku, ɗaya na yoyo.
Agogon bango da na naɗe cikin zanen Kulu,
yana ta bugawa a duhu, bai san ya canja ƙasa ba.

Ya buga turmi da bayan biro. "Nawa kuɗin wanga?"
Na ce ban sani ba, da shi aka kawo ta.
Rabon da a daka a cikinsa tun watan azumi.
Ya duba fuskata,
ya tsallake layin.

Sai ya yaye buhu ya ga keken ɗinki.
"Wannan kam na saidawa ne. Ina rasit?"
Na jawo 'yar aljihun da ake ajiye allura,
na warware takardar da ta yi laushi kamar tsumma:
Kasuwar Sakkwato, tawada ta koɗe,
sunan mai shagon ma ya rigaya gidan gaskiya.
Na ce ta wannan ƙofa muka fita, ni da shi,
uwarka ba ta ko yi kitson aure ba.
Ɗan gari ne. Gida ya dawo.

Ya sunkuya don ya karanta,
ƙusar gado ta kama shi a hammata.
Ɓarrr! Kaki ya rabu har aljihu.
Masu albasa suka ƙyalƙyace.

Na ce tuɓe.

Zaren kaki ba ya yanke mini,
rabin jandarmomin Tawa ni na rage wa wando.
Na gyara zama tsakanin randa da tabarmi,
na ɗora ƙafa.
Keke ya yi tari sau biyu, ya kama hanya,
kar-kar-kar a saman mota, a tsakar rana,
mai fura ta sauke ƙwarya tana kallon sama,
hukuma na tsaye cikin singileti, hannuwa a ƙirji.
Na haɗa wannan gefe da wancan,
na bi sau biyu, na ciji zare.

Ya sa riga, ya ɗaga hannu, ya sauke.
"Nawa, Baba?"
Na ce sai in kana son rasit.

Da ya buga hatimi ya tambaya, kamar yadda aka koya masa,
ko akwai abin da ban bayyana ba.
Na ce babu.
Makullin ɗakinmu na Tawa na cikin aljihuna,
na manta ban miƙa wa mai gidan ba.
Ko dai ban manta ba.

Aka ɗage ƙarfe.
Gwadabawa. Kware. Wani rami ya ci mana randa,
na ji fashewarta har cikin haƙori.
La'asar sakaliya muka haye gulbin Rima,
Jaɓɓi ya leƙo ta taga: "Wace kwana za ni?"

Na duba, na sake dubawa.
Inda na bar durumi, gidan mai ne.
Na ce tsaya tukuna,
mu tambayi yarinyar can mai tallan gyaɗa
hanyar gidan da aka yanke mini cibi.