Abin da Magada Suka Bari

Ranar da aka raba kayan Baba
manyan riguna suka bi masu rabo.
Shadda ta tafi Tibiri,
rawani ya tafi masallaci, sadaka.
Ni aka bar mini buhun da ba wanda ya ɗaga.
"Tsummokara ne," in ji gwaggo Kuluwa,
"a sauke tukunya da su."

Na ɗora shi bayan kabu-kabu
har Mokoyo, shagon Tsahara tela,
mai keken da ke tari kamar tsoho da asuba.

Ta zazzage shi bisa tabarma, ba ta tanka ba.
Ta ɗaga shuɗiyar rigar aiki
wadda baƙin mai ya cinye wa hannu tun ina goye.
Ta ce, "In yanke tabon?"
Na ce, "Ai tabon na kawo."
Shekara talatin yana kwance ƙarƙashin kamiyo,
ƙafafunsa kaɗai gari ya sani.
Wannan tabon ya biya mini lakwal.

Ga zanen goyon Inna, ya koɗe har ba a gane furensa.
Mu bakwai muka jiƙa shi,
biyar muka taka ƙasa.
Ga kallabinta na zuwa adashi,
kusurwar da take ƙulle kuɗi har yau a murɗe take,
dutsen guga ya yi ya gaji.

Sai rigar ƙwallo ta Nomau, wana,
da ya bi hanyar Agadas damina takwas ke nan,
ya ce in ya sauka zai kira.
Tsahara ta tsai da almakashi. "Shi ma?"
Na ce, "Ban sani ba.
Sa shi can bakin bargo, ki yi masa ɗinki sako-sako,
in ya dawo a farke a ba shi kayansa."

Muka daidaita a jaka bakwai, kwana goma.
Kwana goman tela, kowa ya san tsawonsa.
Sai da gujiya ta shigo kasuwa
ta aiko yaro ya kira ni.

Ta shimfiɗa shi, ya cika shagon.
Baba na tsakiya, Inna ta kewaye shi
kamar yadda take kewaye shi da faɗa.
Aljihun rigar ta bar shi yadda yake.
Na zura hannu:
ɓarin goro, ya bushe ya zama tsakuwa,
da noti guda wanda wata mota
ke yawo babu shi har yanzu.

Can ƙasa, ta hagu, wani ƙyalle ruwan ɗorawa.
Na ce, "Wannan ba namu ba ne."
Ta ce, "Naku bai kai ba.
Na cika da ragowar ɗinkin wata,
ban ma tuna ko wace ce ba."
Na so in yi magana, sai na tuna
zaurenmu bai taɓa kwana babu baƙo ba.
Na ce ta bar ta, ta kwana.

Da sanyi ya sauko daga gulbi
gwaggo Kuluwa ta zo gaisuwa, ta gan shi bisa gado.
Ta taɓe baki. Ta matso.
Ta bi shi da yatsa kamar mai neman layi a allo,
har ta tsaya kan wani ɗan kore mai zanen tsuntsu.
"Wannan ni na ba uwarku,
shekarar da ruwa ya ci gadar."
Ta zauna. Furar da na dama ta tsinke a kwano.

Magariba ta yi, ba ta nemi takalminta ba.
Na kashe fitila.
Cikin duhu ina jin ɗiyata
tana laluben aljihun kakanta,
goro da noti suna ƙwanƙwasa juna.