Gurbi na Bakwai

Ranar Talata na hau bas daga Kakuri,
takardun albashi a jakar leda.
Ruwan Agusta ya cika kogi har wuya,
muka tsallake gada, direba na zagin ramuka.

Ofishin haraji, hawa na biyu,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Wata yarinya, Lawisa aka rubuta a ƙirjinta,
ta miƙo min fom da biro mai igiya:
"Baba, gurbi na bakwai,
waɗanda kake ɗauke da nauyinsu."

Wannan ai ba sai na yi tunani ba.
Na rubuta Nafi'u.
Na rubuta Barira.
Na rubuta Mudansir, autan Gambo, Allah ya ji ƙanta.

Ta ɗaga gira. "Nafi'u shekararsa nawa?"
Talatin da ɗaya, bayan babbar Sallah.
"Yana karatu?"
Ya gama. Injiniya ne.
Takardarsa na bango cikin gilashi,
shi yana ƙarƙashinta a kan katifa
yana lissafin kwanukan rufi.
"Barira fa?"
Ashirin da bakwai. Jinya ta karanta,
shekara uku tana jiran sunanta ya fito.
Majinyacinta ɗaya a duniya: ni da ciwon sukarina.

Sai ta ja layi biyu, a hankali, cikin ladabi,
kamar mai rufe wa barci ƙofa.
"A wannan takarda sun girma, Baba.
Yaro ɗaya gare ka."

Yaro ɗaya!
'Yar nan, zo gidana bayan magariba ki ƙirga kwanuka.
Tukunyata ba ta tambayar takardar haihuwa.
Mudun masara bai san doka ba,
mitar wuta ba ta taɓa cewa wane ya balaga,
sabulu ƙarewa yake a hannun mai gemu
kamar yadda yake ƙarewa a hannun jariri,
har ma ya fi.

Ni ina da sha tara na shiga masaƙa.
Albashin farko na kai wa uwata turmin atamfa
wanda hannuna ya taɓa zarensa.
Jiniya ce ke raba yaro da babba a lokacin:
in ta yi kuka ka tashi, to ka girma.
Yau ciyawa ta fi ni tsawo a bakin ƙofar,
jiniya ta yi shiru,
amma mai rubuta fom bai ji shirun ba,
har yanzu da tsohon agogo yake ƙirga 'ya'yan mutane.

Ban faɗa mata duk wannan ba.
Na sa hannu inda ta nuna.
Tana buga hatimi ta sunkuyo, murya ƙasa ƙasa:
"Ni ma wucin gadi nake a nan.
Kuɗin motar yau, babana ya ba ni."
Muka dubi juna.
Wani dattijo a Sabon Tasha, ban san sunansa ba,
shi ma an ja masa layi.

Na dawo gida ana kiran la'asar.
Nafi'u na tsakar gida, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya kwance janaretan maƙwabci gunduwa-gunduwa.
"Baba, sun rage maka wani abu?"
Na ce, sun ce ka girma.
Da wasa na faɗa. Bai yi dariya ba.
Ya ci gaba da goge wani ƙarfe
da ya riga ya yi tsaf.

Da dare na ɗauki hulata zan rataye,
sai ga dubu biyu a ninke a cikinta,
da tambarin yatsa, baƙi, a gefe.

Wannan ma ba shi da gurbi a fom ɗin.