Sha Biyu

A Falmouth, bayan rumfar masu kifi,
akwai ɗakin da aka lulluɓe da tagulla,
bango da rufi har bakin ƙofa,
don kada hayaniyar duniya ta leƙo.
A nan nake wuni.
Wayata ma a waje nake barin ta.

Yau Trevor ya kawo rediyon wani jirgin ruwa,
gishiri ya cinye mata maɓalli biyu.
Ya dangwarar, ya ce,
"Duba mana ko har yanzu tana ji."

Na jona mata waya, na ba ta sauti guda,
siriri kamar kukan sauro a kunnen mai gyangyaɗi.
Sai na shiga rage masa ƙarfi
yadda ake janye lagwanin fitila,
kaɗan,
kaɗan,
har shuuu ta taso tana gaigayar gefensa.
Allura ta sauko: ashirin, sha bakwai, sha huɗu.
A sha biyu nake tsayawa.
Nan ce iyaka.
Sama da nan, mutum ne ke magana.
Ƙasa da nan, ruwa ne kawai ke zuba a kwano.

Na rubuta a takarda: rubu'in maikirobolt.
Abin da bai isa ya motsa gashin ƙuda ba,
amma ta ji shi.

Kawu Barau, a Funtuwa,
shekara talatin yana gyaran rediyo a gindin cediya,
bai taɓa mallakar allura ba.
Yatsa yake lasa ya taɓa eriya,
ya karkata kai kamar kaza ta hango shirwa,
ya ce, "Ta kama."
Ina 'yar shekara tara ina riƙe masa dalma.
Shi ya ce da ni,
tashar nesa ba a yi mata gaggawa.

Yanzu ran Lahadi in na kira shi
sai na faɗi sunana sau uku.
"Wa ke nan?"
"Talatuwa ce, Kawu."
"Wa?"
Ba layin ba ne. Na san layin, na auna irinsa dubu.

Trevor ya sa hannu, ya ɗauki kayarsa.
An ce gobe iska za ta tashi daga yamma.
Wataƙila wani, mil talatin cikin teku,
baturi na mutuwa, hannu na rawa,
zai yi kira da ragowar murya,
wannan 'yar akwatin ta tsamo shi daga shuuu.
Ba zai san sunana ba. Ba komai.

Ƙarfe biyar na tura ƙofar tagulla.
Yayyafi, ƙarnin kifi, tsuntsayen teku na faɗa kan kwandon shara.
Wayata ta farka: kira biyu daga gida.
Na tsaya jikin bango na danna lambar,
na fara a hankali,
ina ƙara murya
kaɗan,
kaɗan,
ina jiran inda zai ce, "Ta kama."