Kwale-kwalen Mutum Uku

A Dalcahue ruwan sama ba ya sallama.
Kwana tara ke nan yana dukan kwanon rufinmu,
ni kuwa ina teburin girki da littafin jarrabawa,
shafi na arba'in da biyu ya ƙi ni, na ƙi shi.
In wannan ya zo, wancan ba ya zuwa;
in babu wancan, dole na uku.
Haruffa ne tsirara, ba fuska, ba murya,
ina ta juya su kamar waina a tanda
ba ɗayan da ya nuna.

Kakana Olegario yana ɗinkin koma a bakin murhu.
Bai ɗago kai ba ya ce,
"Delfina, kawo katantanwa biyar daga kan taga."

Ya jera su a gaban fitila.
"Wannan Eusebio, wannan Ruperto,
ga Belarmino, ga ɗansa Tito,
mai tsagaggen bakin nan kuma Anselmo.
Kwale-kwalena mutum uku yake ɗauka bayan ni.
Saurara da kyau.
In Eusebio ya shiga, Ruperto ba ya shiga,
tun rigimar iyakar gonar dankali ba sa ga maciji.
In babu Ruperto, sai da Belarmino,
su biyun nan ne suka san ciwon injin.
In Belarmino ya shiga, sai da Tito,
don idonsa ya soma hazo, yaron ne ganinsa."

Na yi wuf na ce, "To, in na hango Tito a jirgi,
na san ubansa na ciki."

Ya ajiye allura.
"Gaggawa aikin wa? Fita ki duba tsakar gida a ranar rani,
ki ga ƙasa a jiƙe.
Ruwa aka yi? Ko kakarki ce ta zubar da ruwan wanki?
Na ce uban ba ya tafiya sai da ɗa.
Ban ce ɗa ba ya tafiya sai da uba ba.
Hanyar nan mai zuwa ce kawai, ba ta dawowa."

Na yi shiru. Itace ya fashe a murhu.

"Yanzu ɗauki wannan," in ji shi,
"Tito ya kwana da zazzaɓi."
Ya kife katantanwar yaron.

Na bi sawun a hankali, da baya da baya,
kamar mai saukowa daga tsani cikin duhu.
Babu Tito, ashe babu Belarmino. Na kife shi.
Babu Belarmino, dole Ruperto ya riƙe injin.
Ruperto na ciki,
Eusebio sai ya tsaya a gaɓa yana cizon yatsa.
Na kife shi.
Saura biyu a buɗe suna kallon fitila:
Ruperto da mai tsagaggen baki.

"Kaka, lissafin bai cika ba.
Wuri uku, mutum biyu.
Ko dai na yi kuskure?"

Na sake bi tun daga farko. Biyu.
Na sake. Biyu dai.

"Ba ki yi ba," ya ce. "Wani lokaci amsar ke nan:
da waɗannan sharuɗɗa, ba ya yiwuwa.
Wanda ya san haka ya san abu,
ya fi mai cusa ƙarya don cike gurbi."

Daga nan ya miƙa hannu kan kanta
ya ɗauko murfin kwalbar zuma,
ya ajiye shi kusa da Anselmo.

"Wannan fa?"

"Babu dokar da ta ambace ki.
Asuba ta fari, ƙarfe huɗu da rabi.
Ki sa takalmin roba na kakarki,
littafin kuma ki bar shi inda ba zai jiƙe ba."

Daren nan na gama shafi na arba'in da biyu,
na shiga na arba'in da uku,
kowane harafi yana warin kifi.