Gashi Ɗaya

A Agege, bayan layin dogo,
Akinwale ya kawo tsohuwar Marsandi ja wur,
wai tana tari in ta hau gada.

Ban ɗauki sifana ba tukuna.
Na kasa kunne, yadda maigidana Sallau ya koya min:
mota ba ta ƙarya, sai mai ita.

Wuta na riga fistin isa,
ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani.
Na sassauta distiribita,
na murza baya, gashi ɗaya.
Siririn tiyon iska na zare, na tsotsa,
fetur ya zauna min a harshe.
Ashe a tsage yake.

Ya ce in ƙara mata wuta, ta tsere wa kowa.
Na ce, Oga, ina filin?
Daga Oshodi har Obalende
danfo gaba, danfo baya.
Sai ta iya numfashi a tsaye
kafin a yi zancen gudu.

Da la'asar ya taka totur, ta amsa.
Ya yi dariya har ya manta canjinsa.
Ni kuwa ina jin wani ɗan ƙis
can ƙasa, wanda bai ji ba.