Kaset ɗin Baba

Ba shi da suna. Baba ne ya naɗe shi,
ya jingina rikoda da bakin rediyo
shekarar da ya fara jan motar auduga
daga Garwa zuwa Ngawundare.
Harshen mai waƙar bai taɓa ji ba,
ni ma haka, kuma ba muryar nake bi ba.
Abin da ke ƙarƙashinta nake bi,
jitar nan mai ɗiga a hankali
kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke.

Tawa a hannun wani bakanike na saya, a Yelwa,
jaka bakwai da alkawarin gyaran fanka.
Wuyanta ya ɗan karkace.
Ƙaramar tsirkiyar, wayar birkin keke ce,
tana da tsiwa, amma ba ta ƙarya.

In na rufe shago, dalma ta huce,
sai in zauna tsakanin gawarwakin rediyo
in mai da zaren baya da biro
don batir ya kai ni Juma'a.
Babban yatsa na fara horarwa:
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
jakin da ya san hanyar kogi.
Sauran ukun kuwa tsinta suke,
yadda Inna ke fid da tsakuwa a faifai
ba tare da ta duba ba.

Na bar farce a dama, na yanke na hagu.
Liman ya ga hannuna a sahu, bai tanka ba,
sai dai huɗuba ta biyo ta kan tsabta.

Akwai wani wuri, bayan baiti na biyu,
inda sauti ke hawa yana kuma sauka
a numfashi guda.
Wata huɗu ina faɗuwa a ramin nan.
Na zargi waya, na zargi katako,
na zargi yatsun da aka haife ni da su.
Binuwai ta cika, ta janye, ta bar yashi,
ni ina nan inda nake.

Ranar wata Laraba Sanda Mai Garaya
ya kawo rediyonsa da ta shaƙe.
Ya ce in sake sa masa. Na sake.
Ya karkata kunnen da ya rage masa,
ya yi dariya har hula ta faɗi.
"Yaro, ai mutum biyu ne.
Ba ka ji wannan na jiran wancan ba?
Jinka ka tasa a gaba da hannu ɗaya."

Daren nan ban taɓa jita ba.
Na ji haushin Turawan da ban sani ba,
su biyu, a wani ɗaki mai sanyi,
suna miƙa wa juna abin da ya karya ni.

Da safe na fara zubarwa.
Na ɗauki rabin na wannan, sulusin na wancan,
abin da yatsa huɗu za su iya riƙewa,
saura na bar wa masu shi.
Amma inda rana ta miƙe zaren a gaban mota
har sautin ya yi lanƙwasa kamar mai jin barci,
shi na riƙe, ina tura waya da gangan,
don haka na san waƙar, da tabonta.

Daf da ƙarshe Baba yana tari sau biyu,
ya ce, "Kande, turo ƙofar nan."
A nan nakan ɗaga hannu,
in ƙirga huɗu, kafin in ci gaba.

Jiya na kaɗa ta duka a tsakar gida.
Inna na ɗaki, ban san tana ji ba.
Da na iso wurin, na ɗaga hannu,
sai na ji ƙyaure ya yi ƙara,
ta turo shi.