Murfin Gwaggo Fresia

A Valparaíso gidaje kan hau kan juna,
katako da kwano, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa,
rufin wani shi ne bakin ƙofar wani.
Iskar teku kuwa ba ta da sana'a
sai bin tudu tana neman wutar da ba mai gadi.

In hadari ya haɗo, Gwaggo Fresia kan soya sopaipilla,
ƙullin fulawa da kabewa, a murza, a huda.
Ina ɗan shekara tara. Aikina jerawa a faranti
da satar ta gefe.

Ran nan ruwa ya kece, shanya na waje.
"Minti biyu," ta ce, ta fita.
Mai ya daina waƙarsa.
Hayaƙi ya taso, siriri, mai ɗaci,
sai fuu! harshe ya miƙe daga kasko,
ya fi ni tsayi,
yana miƙa wa labule hannu.

Na rarumo bokitin da ke tarar yoyon rufi.

Ban ji shigowarta ba.
Yatsu masu sanyi suka damƙe wuyan hannuna:
"Ajiye, Evaristo."
Ba ihu, ba gudu. Ta murɗe makunnin gas,
ta ɗauko murfin babbar tukunya,
ta kare fuska da shi,
ta zura shi ta gefe, sannu a hankali,
kamar mai ja wa jariri bargo.
Wutar ta haɗiye harshenta.

"Kar ka leƙa. Kar ka ɗauki kaskon ka ce za ka kai waje.
Likimo ta yi, ba mutuwa ba,
numfashi ɗaya take jira."

Muka zauna a ƙasa har kasko ya huce,
ruwa na kiɗa a kan kwano.
Ta naɗe hannun riga: daga wuyan hannu zuwa gwiwa
fata ta yamutse, tana sheƙi kamar narkakken kyandir.
"Ruwa ne ya yi min wannan.
Na watsa, mai ya tashi da wutar a goye.
Ruwan da ke kashe ta a itace, a mai fiffike yake ba ta.
In kuma ta fi ƙarfin murfi, bar mata ɗakin,
ja ƙofa, ka kira 'yan kwana-kwana daga titi.
Kasko akwai shi a kasuwa.
Kai ne babu."

Shekara talatin da ɗoriya ke nan.
Da rana ina gyaran takalma a gindin tudu,
in jiniya ta yi kuka in ajiye guduma in ɗauki hular ƙarfe.
Na shiga ɗakunan girki da suka koma gawayi,
kusan ko'ina labarin ɗaya ne: minti biyu.

Gwaggo ta haura tamanin.
Na cire mata labule, na liƙa na'urar jin hayaƙi a silin,
nakan shafa kumfar sabulu a tiyon gas in ga ko zai yi tartsatsin kumfa.
Duk da haka, watan jiya na tarar da tsumma a kan murhu
ya cinye rabi, ita tana gefe tana neman tabarau.
Na rufe tukunyar gas na tafi da makunnin a aljihu.
Kwana uku ba ta yi min magana ba.

Yanzu in hadari ya haɗo, ni nake hawo matakala
ɗari da sha bakwai, da kabewa a hammata.
Takan zauna ta zuba min ido.
Sunana ya ɓace mata, da na ƙanenta take kirana,
ta manta wace shekara ce, ta manta ta ci.
Jiya waya ta yi ƙara a falo, na juya zan fita,
sai na ji sandarta ta tokare ƙofa:
"Ina za ka? Mai na kan wuta.
Ina murfi?"